Takardar da Ta Fitar da Malama Saratu Daga Aji

Ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki ina kallonku daga kan dandamali, ke Amina kina ta share hawaye, kai kuma Sadiku kana ɗaukar hoto kamar an ɗauke ka aikin. Mutane suka yi ta tashi suna cewa ni ce na koya wa malamai su saurari kuskuren yaro kafin su gyara shi. Na yi murmushi na karɓi yabon, domin ba a tsayar da taro a yi gardama da masu yabo. Amma ba na so ku riƙe labarin a haka. Abin da suke yabona a kai a wurin wata mata na gan shi, sunanta Malama Saratu, kuma ni mahaifiyarku ni ce sanadin fitar da ita daga aji. Ban taɓa faɗa muku ba, to yau zan rubuta.

A shekarar muna zaune a Samaru, a gidan nan mai bishiyar gwaiba da Amina ke cewa tana tunawa, ko da yake ƙarya take yi, lokacin ko yaye ba a yi mata ba. Babanku yana aiki a gonar gwajin iri, Inna mahaifiyata tana tare da mu tana riƙe mini goyo. Ni kuwa malamar makaranta ce da aka ba hutun karatu don in yi digiri na biyu a fannin ilimi. Kun san halina na gaggawa, har yanzu ba na iya jiran shayi ya huce. To a lokacin abin ya ninka haka, ga kuma jin kai na mai sabon ilimi. Bincikena a kan ƙwarewar malamai ne: wane irin malami ne yara suka fi koyo a hannunsa. Mai duba aikina, Dokta Garba, ya taimaka mini muka tsara takardar awo mai jerin abubuwa. Shin malami ya rubuta kan darasi a allo? Yana tsaye gaban aji? Aji ya yi tsit? Yana gyara kuskure nan take? Ya gama darasi kafin a kaɗa ƙararrawa? Kowanne da makinsa. Zan shiga ajin kowane malami sau ɗaya in cika takardar, a ƙarshen zango kuma in yi wa yaran gwaji, sai in gwama sakamakon biyu. Ina alfahari da takardar nan ƙwarai.

Kullum da safe sai in hau bas zuwa Sabon Gari. A wata makarantar firamare da ke bayan kasuwa na fara ganin Malama Saratu. Dattijuwa ce gajera, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ta fi shekara talatin tana koyar da aji uku da tsohuwar takardar shaidar malanta. Ajinta cike yake da 'ya'yan 'yan kasuwa da makanikai da teloli, wannan Hausa yake ji, wancan Ibo, wancan Yarabanci, akasarinsu kuma Turancin kasuwa ne ya haɗa su. Da na shiga ban ma gan ta ba, sai da na dudduba na same ta zaune a benci cikin yara. Allo babu kan darasi. Surutu kuwa kamar ana rabon gado. Ta yi tambaya, wani yaro ya ba da amsar da ko kusa ba ita ba ce, maimakon ta gyara sai ta yi shiru tana kallonsa, har na ƙosa na fara kaɗa ƙafa. Aka kaɗa ƙararrawa ba su kai ko rabin shafi ba. Na ba ta maki mafi ƙanƙanta a duk malaman da na duba, na rufe fayil ɗina, ban ma tsaya mun gaisa sosai ba.

Ofishin da ke kula da makarantun ya ba ni izinin shiga azuzuwa bisa sharaɗin in kai musu kwafin abin da na samu. An koya mana a sa lamba a madadin sunan malami, na kuma sani sarai. Amma ina sauri, ina son a ga aikina tsaf, sai na buga jerin da sunaye, daga na sama har na ƙasa, na kai da hannuna. Har yaba mini aka yi.

Da aka zo ƙarshen zango na yi wa yara gwajin karatu da lissafi, na zauna a tsakar gida ina dubawa. Da na kai kan takardun ajin Malama Saratu sai na ɗauka na haɗa su da na 'yan aji biyar. Na sake dubawa, na sake. Yaran nan sun wuce kowa, kuma ba da kaɗan ba. Har na can ƙasansu suna karanta jimla su rubuta abin da suka fahimta. Kaina ya ɗaure. Babanku ya dawo daga gona ya tarar da ni ina jujjuya takardu ina tsaki.

"Lafiya, Binta? Ke da wa kuma yau?"

"Malam, ko dai an ba yaran nan amsa, ko kuma na yi kuskure wajen haɗawa. Matar nan ba ta iya koyarwa ba, da idona na gani."

"Sau nawa kika gan ta?"

"Sau ɗaya."

Ya cire takalmin gonarsa a hankali, irin sanyin nan nasa da ke ba ni haushi, ya ce, "Mu dai a wurin aikinmu, in ma'auni ya ce kuyyar da ta fi cika buhu ita ce ba ta yi ba, ma'aunin muke kaiwa gyara."

Na ji haushin maganar har na ƙi cin tuwo. Amma da aka koma hutu sai na koma makarantar, da niyyar in kama inda aka yi maguɗi. Na gaya wa Malama ina so in zauna ajinta na 'yan kwanaki. Ta ce in zauna ko shekara ce, amma in ajiye fayil ɗin nan, yana tsorata mata yara.

A kwana na uku na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Ana darasin rabi da rabi. Malama ta tambaya, in aka haɗa rabin mudu da rabin mudu, me za a samu? Aji ya amsa gaba ɗaya, mudu ɗaya. Sai wata yarinya mai suna Ngozi ta girgiza kai ta ce a'a, ya fi mudu ɗaya. Yara suka fashe da dariya. Ni ma a zuciyata na riga na ja mata jan biro. Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta juya ga yarinyar ta jira. Jiran nan ya yi tsawo har na ji kamar in tashi in ba da amsar da kaina.

"Ngozi, ina kika gani?" in ji Malama.

"A shagon mamana. In mutum ya saya rabi, ya dawo ya saya rabi, mamana tana faɗa, ta ce ya cuce ta."

"Don me ya cuce ta?"

Yarinyar ta haɗa tafin hannuwanta biyu ta yi alamar tudu. Malama ta aika aka aro mudu da kwanon rabi a wurin mai ƙosai, aka ɗebo yashi a bakin aji. Ta sa Ngozi ta auna yadda uwarta ke auna gero, a cika kwano har ya yi tuli a kai. Ta auna rabi da tulinsa, ta sake auna rabi da tulinsa, aka juye a mudu. Mudu ya cika, ya yi nasa tulin, ga saura yana zuba ƙasa. Ajin ya yi tsit, tsit na gaske, ba irin wanda takardata ke nema ba. Sannan Malama ta ɗauki rula ta shafe tulin kowane kwano ya zama daidai baki, aka sake juyewa, ya tsaya cif a bakin mudu.

"Kun gani? Ngozi ba ta yi ƙarya ba, littafi ma bai yi ƙarya ba. Littafi yana shafe kai, kasuwa ba ta shafewa. To yanzu wa zai gaya mini wanne ake so a jarrabawa, kuma don me?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Ni kuwa ina zaune baki buɗe. Na yi shekaru ina karanta littattafan koyarwa, ban taɓa ganin an ɗauki amsar da kowa ya yi wa dariya an buɗe ta an tarar da gaskiya a ciki ba. Na ji tsoron Allah ya kama ni, domin na gane irin baiwar da yake ajiyewa a inda ba a zato. Na yi mako uku a ajin. Na gane tana zama cikin yara ne don ta ga allo yadda suke ganinsa, ta haka ta gano masu ciwon ido tun iyayensu ba su sani ba. Surutun da na rage mata maki a kansa, yara ne ke fassara wa juna darasi, domin ita ta tsara zaman, kowane baƙon yaro kusa da mai jin yarensa. Shirun da take yi kuwa, ta ce mini yaron da ke tunani da yare uku kafin ya buɗe baki yana bukatar a jira shi. Duk abin da na rubuta mata a matsayin aibi, shi ne aikin.

Ina cikin mako na huɗu wasiƙa ta zo. Ana rage masu tsohuwar takardar shaida daga azuzuwa, kuma da aka zo zaɓen wanda za a fara da shi, jerina aka ɗauko, tunda daga jami'a ya fito. Aka ce Malama Saratu ta bar aji ta koma kula da ɗakin ajiyar littattafai har ƙarshen shekara, sannan ta yi ritaya. Ajinta kuma a haɗe shi da na kusa, tunda babu malami. Hedimasta ne ya nuna mini wasiƙar, yana kallona. Na ruga ofishin da takardun gwajin yara a hannu, na yi bayani, na roƙa, har na ɗaga murya. Jami'in ya saurare ni da haƙuri, ya ce, "Hajiya, wannan sa hannun naki ne ko ba naki ba?" Na ce nawa ne. Ya ce to magana ta riga ta wuce sama.

Na tafi wurin Dokta Garba ina kuka. Mutumin kirki ne, ya yi mini faɗa a kan sunayen, faɗa mai zafi, sannan ya sassauta.

"Abin da ya faru ya faru. Ki sa ta a matsayin wadda ta saɓa wa sauran, layi biyu ya isa, ki gama aikinki. Akwai gurbin ƙaramin malami a sashenmu bana, sunanki na bayar. Kada ki yi wasa da shi."

"Ranka ya daɗe, takardar awon ce ba daidai ba. In na gina digiri a kanta, gobe wani zai ɗauka ya auna wasu."

"To sai ki sake daga farko, kuma gurbin ba zai jira ki ba."

A gida aka rabu biyu. Inna ta ce ita ba ta ga abin tayar da hankali ba, in je in ba matar haƙuri, in kai mata turmin atamfa, Allah mai gafara ne. Ta ce ta sha wahalar karatuna tun ina 'yar firamare, ba za ta zuba ido in zubar da aikin jami'a saboda tausayi ba. Babanku bai ce in yi ko kar in yi ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, yaran fa, wa zai koyar da su? Tambayar nan ta hana ni sukuni kwana biyu.

Ranar Asabar da hantsi na nemi gidanta a Sabon Gari, ɗaki biyu a wani gidan haya kusa da cocinsu. Na tarar tana tsince wake. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ce. Takardata ce ta jawo miki wannan." Na miƙa mata kwafin. Ta goge hannu, ta sa tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa ba ta yi sauri ba.

"Na sani tun ranan da wasiƙan ya zo, 'yata. Tashi ki zauna a kujera. Takardan ki bai yi ƙarya ba ai, abin da aka ce ki duba shi kika duba." Ta ninke ta ta miƙo mini. "Ba zan ce miki bai yi mini zafi ba. Na yi kuka, na kai ƙara wurin Ubangiji, na bar shi a can. Amma kina da biro?"

Na ce ina da shi. Ta ce in rubuta, in kai wa duk wanda zai karɓi ajin. Daga nan ta fara kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, bisa yadda suke zaune, daga bencin gaba na hagu. Ba rajista a gabanta, ba komai, hannunta na cikin wake. Wannan yana juya wasu haruffa, kada a dake shi, a bar shi ya rubuta da yatsa a ƙasa tukuna. Wannan ba ya ji da kunnen dama, a tsaya ta hagunsa. Wannan ta iya karatu sarai amma in aka tsayar da ita gaban aji sai ta manta, a bar ta ta karanta a zaune. Wannan babansa ya rasu da damina, in ya yi shiru a ƙyale shi. Wannan yana ƙirga da Yarabanci a zuci, amsarsa daidai take zuwa, jinkiri kawai take yi. Ta san inda kowane yaro ya tsaya a makon da aka fitar da ita, da matakin da zai taka na gaba. Yara sun haura sittin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Har aka kira azahar ina rubutu, hawaye na ɗiga a takarda. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin ilimi mai girman wannan ba, har a wurin furofesoshin da na zauna da su daga baya.

Da na fito na san ba wanda zan kai wa bayanin yaran nan, tunda ajin ba shi da malami. Ranar Litinin na rubuta a soke hutun karatuna, a tura ni makarantar in karɓi ajin. Wannan kam ba a yi mini gardama ba, ana neman mai babbar takarda. Gurbin jami'a aka ba abokin karatuna, wanda ya riga ni zama furofesa da shekaru masu yawa, kun san shi, yana zuwa gidanmu da sallah. Digirin da zan gama a shekarar sai bayan shekara huɗu na karɓe shi, da sabon bincike. Inna ta yi wata biyu ba ta yi mini magana sai ta dole. Ba na so ku ɗauka jarumta na yi. Abin da na yi bai mayar da Malama ajinta ba, ko na yini ɗaya.

Ɗakin ajiyar yana can ƙarshen baranda, nesa da ajin. Kullum in an tashi hutun tara sai in je in same ta cikin ƙurar tsofaffin littattafai, in zayyana mata abin da ya faru, wane ya ce kaza, wance ta rubuta kaza. Sai ta rufe ido ta ce, me ya faɗa daidai, da bakinsa? In na ce na manta, sai ta ce to gobe ki saurara. Haka na yi karatun da ya fi kowane karatu amfani a rayuwata, a tsaye, a bakin ƙofar ɗakin da ni na jefa ta ciki. Duk tsawon watannin nan ba ta taɓa leƙa ajin ba. In za ta wuce ma sai ta zagaya ta bayan ginin, don kada yara su gan ta hankalinsu ya rabu.

Ranar da za ta bar aiki, ana saura kwana biyu a ba da hutun ƙarshen shekara, ina tsakiyar darasin lissafi sai na ga inuwa a ƙofa. Ita ce, ta ci ado da kayan zuwa coci, jakarta a hannu. Ta tsaya a waje ta ƙwanƙwasa ƙyauren da ta fi shekara talatin tana buɗewa da kanta.

"Malama Binta, in shigo?"

Yara suka miƙe tsaye gaba ɗaya ba wanda ya ce su tashi. Na matsa na miƙa mata alli da hannu biyu. Ta mayar da hannuwanta baya.

"An hana ni, kuma ban taɓa karya dokan makaranta ba. Ci gaba, ina ji."

Na ba ta kujerata ta zauna, na ci gaba da darasin, na yi wa wani yaro Yakubu tambaya, da ya yi jinkiri na faɗa masa amsar. Ta saurara har aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yanyame ta, ta dafa kan kowa ta kira sunansa. Sannan na raka ta har bakin titi inda motar kayanta ke jira, domin a ranar za ta koma garinsu. Ina ta shirya kalmomin da zan faɗa mata, na neman gafara da na godiya. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta juyo ta kama hannuna.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Amma kin yi saurin ba Yakubu amsa. Yana hanya, da kin ɗan jira shi."

Motar ta tashi. Ban sake ganinta ba, bayan shekara biyu aka aiko mini ta rasu. Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninmu, kuma gaskiyarta ce, na yi sauri.